Babi na Bakwai: Aikin da Ke Haifar da 'Ya'yansa

Idan mai gida a cikin birnin Zariya ya kira magini ya ce masa, "Malam, so nake a tayar mini da zaure kafin damina," to shi ya gama nasa. Magana ɗaya ya yi. Amma kafin maginin ya sa takalminsa ya fita, maganar nan ta riga ta rarrabu a kansa ta zama ayyuka iri-iri, kowanne da mai yinsa, kowanne da ranarsa. Akwai ɗebo ƙasa daga kududdufi. Akwai jiƙa ta, a watsa mata ciyawa, a tattake, a bar ta ta kwana biyu ta tsumu. Akwai murza tubali da shanya shi har ya bushe ƙamas. Akwai haƙa harsashi. Akwai neman azara, tsagin giginya wanda gara ba ta cika yi wa ɓarna ba. Sannan a ɗora bango sahu-sahu, ana barin kowane sahu ya sha iska kafin a hau kansa da wani. Sai rufi, sai indararo, sai yaɓe, sai makuba.

Ba wanda ya tuna wa maginin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Bai kuma ƙirƙiro jerin a ranar ba. Gadonsa ya yi daga uban gidansa, shi ma haka ya gada. Duk lokacin da aka ambaci zaure, jerin nan yakan taso da kansa.

Abin da manhajojin tafiyar da ayyuka ke ƙoƙarin yi a yau ke nan. Ka rubuta babban aiki guda, manhaja ta haifar masa da ƙananan ayyukan da ke ƙarƙashinsa, ta raba su ga mutane, ta sa musu wa'adi, ba tare da wani ya zauna yana buga su ɗaya bayan ɗaya ba. A wannan babi za mu ga yadda ake yin haka, da abin da yake tsarewa, da inda yake gazawa. Hujjar da zan kafa ita ce: darajar wannan dabara ba ta cikin saurinta. Darajarta tana cikin ilimin da aka zuba mata, da kuma sunan mutumin da aka ɗora wa kowane ƙaramin aiki.

Gidan Babban Gwani

A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, aka gina Masallacin Juma'a na Zariya daura da fada. Wanda ya jagoranci ginin shi ne Muhammadu Durugu, da aka fi sani da Babban Gwani Malam Mika'ilu. Har yau akwai unguwa a cikin birni mai suna Babban Gwani, kuma zuriyarsa sun daɗe suna riƙe da shugabancin magina. Masana gine-gine daga ƙasashe daban-daban sun zo sun auna masallacin sun zana shi. Zbigniew Dmochowski, mutumin Foland, yana cikinsu, kuma a gidan adana gine-ginen gargajiya da ke Jos an kwaikwayi ginin masallacin domin na baya su gani.

Abin da ya fi ɗaukar hankalin masanan shi ne bakan gizo, wato bakunan da ke ɗauke da rufin. Azara ɗaya ba ta iya ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan faɗin ɗaki ya wuce kamar mita biyu. To yaya za a rufe fili mai faɗi ba ƙarfe ba siminti? Sai a kafa azara a jikin bango ta ɗan leƙo, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da ƙasa, a bari ta bushe. Sannan a ɗora wata a kanta ta ƙara leƙowa, a sake ɗaurewa, a sake jira. Haka ake yi daga ɓangarori biyu har su haɗu a sama. Duk wanda ya yi gaggawar ɗora sahu na uku alhali na biyu bai bushe ba, ya rusa aikin makonni. Wato a ginin ƙasa jira ma aiki ne, kuma yana da gurbinsa a cikin jeri.

Jerin kuma bai tsaya ga magina kaɗai ba. Laso, wanda ake shafe rufi da shi don kada ruwa ya ratsa, ana haɗa shi da katsi daga marina, da gashin jima daga majema, da dafara daga daji. Makuba daga ɓawon ɗorawa take, ɗorawa kuwa da bazara take nuna. Saboda haka babban magini dole ya san lokacin da zai aika marina da majema, da lokacin da zai tanadi makuba. Idan ya manta da ɗaya, rufi ya ƙare amma ba abin shafe shi, ga hadari ya fara haɗowa daga gabas.

Masu aune-aune sun adana mana siffar ginin: tsawo, faɗi, kaurin ginshiƙi. Tsarin aikin kuwa, wato me ke gaban me, wa ake aikawa ina, kwana nawa ake jira, wannan a kawunan mutane yake zaune. Shi ya fi saurin ɓacewa, domin duk dattijon da ya rasu yakan tafi da nasa kason.

Ganuwar birnin ta nuna mana abin da ke faruwa idan jeri ya rasa mai shi. A manyan biranen Hausa, gyaran ganuwa aiki ne da ke dawowa bayan kowace damina, ana raba shi ga unguwanni da masu sarauta, kowa da ɓangarensa. Bayan Turawa sun shigo Zariya a 1902, ganuwa ta daina zama kariyar yaƙi, rabon aikin ya mutu. Mai tafiya yau daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Tukur-Tukur, ko daga Ƙofar Gayan zuwa Ƙofar Kuyambana, zai ga inda ta zaizaye da inda ta shafe. Ruwan sama bai ƙaru ba. Aikin shekara-shekara ne ya daina zuwa wa kowa a matsayin nasa. A Jenne ta ƙasar Mali, inda har yanzu mutanen gari ke fitowa kowace shekara su yaɓe babban masallacinsu, unguwa-unguwa, ginin ƙasa yana nan tsaye.

Yadda jeri ya shiga takarda, ya shiga kwamfuta

Turawa ma sun daɗe suna fama da wannan matsala, sai dai su ta hanyar rubutu suka bi. A wajajen 1910 zuwa 1915 wani injiniya ɗan Amurka, Henry Gantt, ya yaɗa jadawalin da ke nuna kowane aiki a matsayin sanda a kwance, tsawonta gwargwadon kwanakinsa. A 1957 kamfanin DuPont tare da Remington Rand suka fito da hanyar gano jerin ayyukan da idan ɗaya ya makara duk aikin ya makara. A 1958 rundunar ruwan Amurka ta ɓullo da tsarin PERT domin shirin makamin Polaris. A 1962 ma'aikatar tsaron Amurka da hukumar NASA suka fitar da jagora da ke koyar da farfasa babban aiki zuwa matsakaita, matsakaita zuwa ƙanana, har a kai ga gutsuren da mutum ɗaya ko ƙungiya ɗaya za ta iya ɗauka. Ƙa'idar da masana wannan fanni suka tsayar daga baya mai sauƙi ce: idan an haɗa ƙananan ayyuka duka, dole su ba da babban aikin cif, ba ragi ba ƙari.

Daga nan sai kwamfuta ta karɓa. Microsoft Project ya fito a 1984. Kamfanin Atlassian na Ostireliya ya fitar da Jira a 2002. An kafa Asana a 2008, Trello ya biyo baya a 2011. Da farko waɗannan manhajoji allo ne kawai: kai za ka rubuta babban aiki, kai za ka rubuta 'ya'yansa. Wanda ke buɗe aiki iri ɗaya sau ashirin a wata sai ya buga jeri ɗaya sau ashirin, kuma a karo na goma sha bakwai ya tsallake layi biyu saboda gajiya. Wannan ne ya sa aka fara ƙera ƙananan manhajoji masu yin aikin da kansu. Da kamfanonin suka ga yadda mutane suka rungume su, sai suka saye su: Atlassian ya sayi Butler na Trello a 2018, ya sayi Automation for Jira a 2019. Yau kusan kowace manhajar tafiyar da ayyuka tana da wannan sashe a cikinta.

Sababi, sharaɗi, mani'i

Hanyoyi biyu ne ake bi wajen sa manhaja ta haifi ƙananan ayyuka. Ta farko ita ce samfuri: ka tsara aiki sau ɗaya da duk 'ya'yansa, ka ajiye, duk lokacin da ka buƙata ka kwafo. Ta biyu ita ce ƙa'ida, wadda ke tashi da kanta ba sai an kira ta ba.

Duk wanda ya zauna a zauren karatu a Ƙofar Doka ko Unguwar Juma ya riga ya san ginin ƙa'ida, ko da bai taɓa buɗe kwamfuta ba. Malaman usulu sun karantar da cewa hukunci yana rataye da abu uku: sababi, da sharaɗi, da mani'i. A zakkar kuɗi, mallakar nisabi shi ne sababi, cikar shekara sharaɗi, bashin da ya cinye dukiyar kuwa mani'i. Idan sababi ya samu, sharaɗi ya cika, ba mani'i, hukunci ya tabbata.

Haka ake rubuta ƙa'ida a manhaja. Sababi shi ne abin da ke tayar da ita: an buɗe sabon aiki, ko an matsar da aiki daga "ana jira" zuwa "an amince", ko ranar ɗaya ga wata ta zo, ko wani ya cike fom a waya. Sharaɗi shi ne abin da manhaja za ta duba kafin ta motsa: aikin nan na gyaran rufi ne ko na sabon gini? Mani'i shi ne abin da zai hana ta ko da sauran sun cika: aikin ya riga ya sami 'ya'ya, kada a sake haifa masa wasu. Sai kuma hukunci: buɗe ƙananan ayyuka kaza, ba wane wannan, ba wance wancan, sa wa'adin kowanne.

Mafi yawan masu koyo sukan iya sababi da hukunci a yini ɗaya. A wajen sharaɗi da mani'i ake gane gwani.

A ce kai ne mai kula da gidaje ashirin

Mu ɗauka kai ɗan kwangila ne, ko sakataren wata ƙungiyar unguwa, an damƙa maka kula da tsofaffin gidajen ƙasa ashirin a cikin birni. Damina a Zariya takan kama daga wajen watan Mayu zuwa farkon Oktoba, ruwa ya fi ƙarfi a Agusta. Saboda haka duk gyaran rufi da yaɓe dole a gama su kafin ƙarshen Afrilu.

Ƙa'idarka ta farko da lokaci take tashi. Ranar ɗaya ga Fabrairu kowace shekara, manhaja ta buɗe wa kowane gida aiki mai suna "gyaran kafin damina". A ƙarƙashin kowanne ta haifi 'ya'ya: hawa rufi a duba tsaga da lotsawa, share indararo a tabbatar ruwa na faɗawa nesa da gindin bango, duba azara daga ciki ko gara ta taɓa ta, duba gindin bango inda ruwa ke ci, kwaɓa ƙasa, yaɓe, shafe. Wa'adin kuma da baya-baya ake lissafa shi. Ka ba manhaja ranar ƙarshe, 30 ga Afrilu, ka gaya mata shafe na buƙatar yaɓe ya bushe, yaɓe na buƙatar ƙasa ta tsumu, ƙasa na buƙatar a san yawan ɓarnar. Ita za ta ja kwanakin baya ta nuna maka cewa mai hawa rufi dole ya hau tun cikin Fabrairu. Idan ranar ƙarshe ta canja, duk 'ya'yan su matsa tare.

Nan sharaɗi ke shigowa. Gidajen nan ashirin ba iri ɗaya ba ne. Wasu rufin azara ne, wasu an ɗora musu kwano. Idan ka aika wa mai gidan kwano aikin shafe laso, ya ga ba shi da ma'ana, gobe ko aikin da ya shafe shi ka aika ba zai duba ba. Don haka kowane gida a rubuta masa irin rufinsa sau ɗaya, ƙa'ida ta riƙa dubawa: azara ta sami nata jeri, kwano ya sami nasa, na duba ƙusa da tsatsa da inda iska ta ɗaga.

Sai abu mafi muhimmanci: kowane ɗan aiki da sunan mutum ɗaya. Kada a rubuta "magina", kada a rubuta "kwamiti". Aikin da aka ba jama'a ba a ba kowa ba. Idan maginin da za a ba ba ya amfani da manhajar, a sa sunan wanda zai kai masa saƙo ya dawo da amsa, ko da yaron da ke riƙe masa waya ne. A zahiri yawancin masu aikin hannu a birni da saƙon murya na WhatsApp suke hulɗa, wasu da ajami suka fi sabawa. Ga tsadar data, ga ɗaukewar wuta. Tsarin da bai yi lissafin wannan ba a ofis zai tsaya, bango kuwa yana can yana zaizayewa.

Tsaga a jikin bango

Ƙa'ida ta biyu ba ta jiran kalanda. Da aukuwar abu take tashi, kuma a nan ne maganar ta wuce sauƙaƙa aikin ofis.

Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana cikin sallar La'asar, wani sashe na Masallacin Juma'a na Zariya ya rufta a kan masallata. An rasa rayuka, wasu suka ji rauni. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya karɓi shahadarsu. Mai Martaba Sarkin Zazzau, Malam Ahmed Nuhu Bamalli, ya shaida wa manema labarai cewa kwana ɗaya kafin haka an ga tsaga a jikin bango, kuma ana shirin kawo injiniyoyi su duba sai abin ya auku.

Ba wanda zai ce manhaja ce za ta hana abin da Allah Ya ƙaddara, kuma ba don ɗora wa kowa laifi na kawo wannan ba. Ginin ya kusa shekara 190, an gan shi da tsaga, an kuma yi niyyar gyara. Darasin da ke ciki na kowa ne, na duk mai kula da masallaci ko makarantar allo ko tsohon gidan gado. Idan mutum ya ga tsaga, abin da hankalinsa ke kawo masa shi ne gyara, domin shi ne babban aikin. Amma gyara yana da 'ya'ya, kuma ɗan farinsu ba kiran injiniya ba ne. Ɗan farin shi ne a kawar da mutane daga ƙarƙashin wurin yanzu-yanzu. Irin wannan ƙaramin mataki shi ke kuɓuce wa mutanen kirki masu kyakkyawar niyya, saboda hankali ya tafi ga babban abu.

Ga yadda ƙa'idar za ta kasance. Sababi: wani ya aiko da rahoton tsaga. Sharaɗi: a bango mai ɗauke da rufi ne, ko a ginshiƙi, ko a baka. Hukunci: ɗa na farko, killace wurin, wa'adi awa ɗaya, sunan mai kula da ginin. Na biyu, ɗaukar hoto da auna faɗin tsagar, a sa alama a ga ko tana ƙaruwa. Na uku, tokare rufin idan magini ya ga da buƙata. Na huɗu, kiran babban magini da injiniya a yinin. Na biyar, kada a buɗe wurin sai wanda ya duba ya sa hannu. Idan awa ɗaya ta wuce ba a rufe ɗan farko ba, saƙo ya tafi ga na sama. Amfanin rubuta wannan tun da rani, hankali kwance, shi ne ranar da abin ya zo ba sai an zauna shawarar me za a fara ba.

Masu tuƙin jirgin sama da tsada suka koyi wannan. Ranar 30 ga Oktoba 1935, sabon jirgin Boeing samfurin 299 ya faɗi a filin Wright da ke jihar Ohayo jim kaɗan da tashinsa, domin an manta ba a cire makullin da ke riƙe sitiyarinsa ba. Ƙwararrun matuƙa ne a ciki. Daga nan aka fara rubuta gajeren jerin da matuƙi zai bi kafin ya tashi. A Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama da ke nan Zariya, wadda aka kafa a 1964, ɗalibi ba ya tayar da inji sai ya bi irin wannan jeri. Likitoci ma sun ara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara jeri mai abu 19 domin ɗakin tiyata, aka gwada shi a asibitoci takwas, har da ɗaya a Ifakara ta Tanzaniya. Sakamakon da aka buga a 2009 ya nuna mace-mace bayan tiyata sun sauka daga kashi 1.5 zuwa kashi 0.8 cikin ɗari.

Inda ƙa'ida ke ɓata aiki

Labarin jerin tiyata bai ƙare a nan ba. Lardin Ontariyo na Kanada ya wajabta shi a asibitocinsa. Da masu bincike suka duba asibitoci 101, suka buga sakamako a 2014, ba su ga wani ragi na a-zo-a-gani ba a mace-mace. Takardar kusan iri ɗaya ce. Bambancin da masana da yawa suka nuna shi ne, a gwajin farko an horar da ma'aikata an sa su a ciki, a na biyun kuwa umarni ne ya sauko daga sama, aka riƙa sa alama a akwati. Duk mai shirin sa manhaja ta haifa wa mutanensa ayyuka ya riƙe wannan.

Matsala ta farko ita ce yawa. Tunda haihuwar ba ta cin ko kwabo, sai mai tsarawa ya zuba duk abin da ya zo masa. Gidaje ashirin, kowanne 'ya'ya talatin, ka wayi gari da ayyuka 600 da saƙonni 600. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Ma'aunin da nake ba da shawara a bi shi ne: abu ya cancanci zama ɗan aiki idan yana da mai yi dabam, ko wa'adi dabam, ko kuwa mantawa da shi na jawo asara babba. Abin da bai cika ɗaya daga cikin ukun nan ba, a bar shi a matsayin layi a cikin bayanin aikin. Ba a rubuta wa magini "ɗauko cebur".

Ta biyu ita ce maimaici. Ka ce a haifi 'ya'ya idan aiki ya shiga "an amince". Wani ya mayar da shi baya bisa kuskure, ya sake dawo da shi, sai ga jeri biyu iri ɗaya. Maganinsa mani'in da muka ambata. Akwai kuma ƙa'idar da ke tayar da kanta: ta ce duk sabon aiki a haifa masa 'ya'ya, su 'ya'yan kuma sababbin ayyuka ne, sai su ma a haifa musu. Jira ta toshe wannan ta hanyoyi biyu: ɗan aiki ba ya samun nasa 'ya'yan, kuma ƙa'ida ba ta tayar da wata sai ka ba da izini. Amma idan ka haɗa manhajoji biyu ta hanyar ɗan tsakani irin Zapier, kai ne za ka sa wannan shinge da hannunka.

Ta uku ita ce tsufa. Samfurin da aka rubuta shekara uku da suka wuce yana nan yana haifar da aikin "aika wa wane", alhali wane ya bar aiki. Kowace ƙa'ida tana buƙatar mai ita, wanda zai zauna bayan kowace damina ya tambayi masu aiki: wane mataki ne kuka riƙa rufewa ba ku yi ba, wane ne kuka yi amma ba ya cikin jeri? Na farko a cire shi ko a gyara, na biyu a shigar.

Ta huɗu ta fi sauran haɗari: allo ya nuna komai ya kammala, bango kuwa bai san an yi ba. Rufe aiki a manhaja danna yatsa ne kawai. Ga matakan da rai ya rataya a kansu, a nemi shaida, hoto mai kwanan wata ko sa hannun mutum na biyu.

Wa zai rubuta samfurin?

Daga 2023 zuwa yau, manyan manhajojin nan sun ƙara sabon abu. Ka rubuta sunan aiki, ƙirƙirarriyar basira ta kawo maka shawarar 'ya'yansa cikin daƙiƙa. Ga aikin da duniya ta yi rubutu a kansa da yawa, kamar shirya taro ko ƙera shafin intanet, takan kawo abin da za a iya farawa da shi. Amma daga rubutun da ke intanet ta koya, kuma rubutun da aka yi kan bulo da siminti ya ninka wanda aka yi kan tubali da azara nesa ba kusa ba. Tana iya ba ka shawarar shafe bangon ƙasa da siminti, ta jera matakan tsaf. Masu adana gine-ginen ƙasa kuwa sun daɗe da sanin cewa siminti yana kulle danshi a cikin bango, ƙasa ta ruɓe a ɓoye, wata rana filastar ta ɓalle da naman bangon. Jeri mai kyan tsari yana iya zama jerin rushewa. Shawarar na'ura daftari ce, sai wanda ya san aikin ya tace ta.

Waɗanda suka san aikin suna nan da ransu a cikin birni, amma suna raguwa. A Samaru kuwa, 'yan kilomitoci kaɗan daga ganuwa, Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, tana yaye masana zanen gini da injiniyoyi da masana kwamfuta kowace shekara, haka ma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli. Aikin da ke jiran waɗannan matasa ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Su je su durƙusa gaban dattawan magina su ce, "Baba, idan an ce a gyara rufin soro, me ake fara yi? Daga nan fa? Kwana nawa ake jira? Me ke nuna ya bushe?" Su naɗi amsar da muryar mai ita, su rubuta ta da Hausa, da sunayen kayan aiki yadda masu sana'ar ke kiransu, su mayar wa dattijon ya gyara, kuma sunansa ya zauna a kan samfurin. Haka za a yi wa majema da marina da masu ɗinkin babbar riga, waɗanda su ma aikinsu ke bi ta hannun mai zane da mai ɗinki da mabugi kafin ya kai kasuwa.

Kai kuma mai karatu, kada ka fara da manhaja. Zaɓi aiki ɗaya da ke dawo maka a kai a kai. Ka zauna da waɗanda ke yinsa ku rubuta 'ya'yansa a takarda, kada su wuce goma. Gaban kowanne a sa suna ɗaya da wa'adi ɗaya. Ku bi takardar sau uku, kuna gyarawa. Idan ta daina canjawa, ta isa shiga kwamfuta, kuma a lokacin za ka san sababinta da sharaɗinta da mani'inta ba tare da wani ya gaya maka ba. Babi na gaba zai ɗauko daga nan, ya duba yadda ake lissafin wa'adi idan aiki ɗaya yana jiran wani.